Yadda Muka Taƙaita Shiga Na'urorin Sadarwarmu Daga Nesa

Ina aiki a sashen kwamfuta na wata ma'aikata mai hedikwata a Kano da rassa biyu, ɗaya a Dutse ɗaya a Katsina. Tun da na kama aiki na tarar da al'ada guda wadda kowa ya saba da ita: duk wanda yake son gyara wani abu a rawuta ko suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutocinmu da juna da kuma intanet, daga kujerarsa zai buɗe Telnet, hanyar ba na'ura umarni daga nesa, ya rubuta kalmar sirri ɗaya tilo da dukkanmu muka haddace, ya shiga. Kalmar sirrin nan ta girmi zamana a wurin. Wanda ya fara ɗora na'urorin ne ya zaɓe ta, ɗan kwangilar da ya ja mana wayoyi ya san ta, masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban da suka zo koyon sanin makamar aiki sun tafi da ita a ka, kuma an rubuta ta da biro a wata takarda da aka manna a cikin murfin akwatin na'urorin domin kada wani ya manta.

Abin da ya tayar da ni daga barci ya faru ne wata ranar Talata bayan azahar. Ma'aikata suna ta ƙorafin cewa intanet tana jan ƙafa, na yi ƙoƙarin shiga rawutar hedikwata, sai ta ƙi karɓata tun kafin ma ta tambaye ni kalmar sirri. Na ɗauki laftof da shuɗiyar igiyar konsol na gangara ɗakin na'urori, na jona kai tsaye, na rubuta show users, umarnin da ke nuna waɗanda suke jone da na'urar. Rawutar tana da layukan shiga daga nesa guda 5, waɗanda Cisco, kamfanin da ya ƙera ta, ke kira VTY, daga 0 zuwa 4, kuma dukkansu a cike suke. Babu adireshi ko ɗaya a cikinsu da na sani. Na kore su ɗaya bayan ɗaya da clear line, amma kafin in gama da na ƙarshe wani sabon baƙo ya riga ya zauna a na farko. Na tsaya cikin ƙarar fankokin na'urori ina kallon allon, jikina ya yi sanyi, domin na gane cewa mashiga ta 23, wato ƙofar da Telnet ke bi, a buɗe take ga duniya baki ɗaya ta adireshin da kamfanin intanet ya ba mu, kuma abin da ya raba waɗannan baƙin da cikin gidanmu bai wuce tsohuwar kalmar sirrin da take manne a jikin murfi ba.

Ba wani mutum ne ya zauna ya nufe mu da sharri ba. Manhajoji ne masu yawo a intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace mashiga da suka tarar, suna gwada sunaye da kalmomin sirrin da masana'antu ke saka wa na'urori tun daga kwali. Haka manhajar Mirai ta yi a shekarar 2016, ta bi ta Telnet da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 ta mamaye kyamarori da ƙananan na'urorin rawuta masu ɗimbin yawa, aka yi amfani da su a watan Oktoba na wannan shekarar wajen kai wa kamfanin Dyn harin da ya hana mutane da yawa a Amurka da Turai isa manyan shafuka irin su Twitter. Ire-irenta ba su daina yawo ba har yau. Ba su dace da kalmarmu ba a wannan ranar, amma ko ba su shiga ba sun riga sun hana mai gida shiga.

Washegari na nemi ganin shugaban sashenmu, kuma na yanke shawarar cewa nuna masa zai fi dogon bayani. Na kunna Wireshark, manhajar da ke kama bayanan da ke wucewa ta hanyar sadarwa, a laftof ɗina, na shiga ɗaya daga cikin suwic ɗinmu ta Telnet a gabansa, sannan na buɗe abin da manhajar ta kama. Kalmar sirrin ta fito ɓaro-ɓaro, harafi bayan harafi, kamar yadda na buga ta. Telnet tsohuwar hanya ce da ta samo asali tun 1969, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe da juna 'yan ƙalilan ne kuma masu amfani da su sun san juna, saboda haka ba ta ɓoye komai a kan hanya. Na ce masa, “Yallaɓai, duk wanda ya samu damar tsayawa tsakanin kwamfutata da na'urar nan, abin da zai gani ke nan.” Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, “Malam, tun yaushe haka take?” Na ce, “Tun ranar da aka ɗora su, ranka ya daɗe.” Ya ba ni izini da sharaɗi biyu: kada aiki ya tsaya a ranakun aiki, kuma in kawo masa a rubuce sunan duk wanda zai ci gaba da shiga da dalilinsa.

Sharaɗi na biyun nan shi ne ya fi cin lokaci, kuma daga baya na gane cewa shi ne ainihin aikin. Umarnin da ake rubutawa a na'ura bai kai layi 20 ba, amma sanin wa yake shiga, daga ina yake shiga, kuma me yake yi idan ya shiga, wannan ya ɗauke ni mako biyu cur. Na fara da ƙidaya: rawuta 3, suwic 11, sai na'urorin MikroTik guda 2 da suke haɗa babban gini da ɗakin ajiya ta iska. Bayan haka na bi mutane ɗaya-ɗaya. Mu 3 ne a sashen da muke da hakkin taɓa saiti. Akwai sabar da take lura da lafiyar na'urori, wadda take shiga kowane dare ta kwafi saitinsu ta ajiye, kuma saura kaɗan in manta da ita domin ba ta zuwa taro ba ta kuma ƙorafi. Akwai ɗan kwangilar da ke kula da wayoyin tebur, wanda ya saba shiga daga shagonsa ko daga duk inda dare ya yi masa. Akwai kuma wani ma'aikaci a reshen Katsina da ba na sashenmu ba, wanda wani ya taɓa koya masa yadda zai kashe mashigar suwic ya sake kunna ta idan firinta ta ƙi aiki, shi kuwa ya riƙe wannan da hannu biyu.

Tsarin da na zaɓa shi ne na gidan Bahaushe: baƙo ba ya faɗawa tsakar gida, sai ya bi ta zaure. Muka ware wa na'urorin wani yanki nasu na kulawa, VLAN mai lamba 99 da adiresoshi 10.10.99.0 zuwa 10.10.99.255, muka ajiye kwamfuta guda a cikinsa wadda ita ce zauren. Wanda yake ofis zai shiga zauren da sunansa, daga nan ya wuce zuwa na'urar da yake nufi. Wanda yake gida ko yake kan hanya sai ya fara haɗawa ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai ɓoye bayanai da ke sada shi da ofis ta intanet, kafin ya ga zauren ma. Na'urorin kuwa ba za su amsa sallamar kowa ba sai wadda ta fito daga wannan yankin.

Ranar Asabar ta farko na fara da suwicin da ke kusa da teburina, domin idan na kulle kaina a waje, taku goma ne tsakanina da shi. Kafin komai na kwafi saitin kowace na'ura na ajiye a wuri biyu. Sannan na kunna SSH, hanyar shiga daga nesa mai ɓoye duk abin da aka rubuta, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a ƙasar Finlan a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'arsu ta irin ramin da na nuna wa shugabana. A na'urar Cisco sai an ba ta suna da sunan yanki kafin ta yarda ta ƙera makulli, saboda haka na sa hostname da ip domain-name, na ƙera makullin RSA mai tsawon 2048, na tilasta ip ssh version 2 domin siga ta farko tana da rauni da aka daɗe da sani. Na buɗe wa kowannenmu sunansa da kalmar sirrinsa ta hanyar username da secret, ban yi amfani da password ba, domin abin da service password-encryption ke yi, wato nau'i na 7, lulluɓi ne kawai wanda kowa zai iya yayewa cikin daƙiƙa. A kan layukan VTY na sa login local da transport input ssh, domin kowa ya shiga da sunansa kuma ta SSH kaɗai, na kuma rage exec-timeout daga minti 10 da ya zo da shi zuwa 5, saboda na sha ganin tagar shiga na'ura a buɗe a kwamfuta mai ita ya tafi masallaci ko cin abinci.

Biyu daga cikin tsofaffin suwic ɗinmu sun ƙi karɓar umarnin ƙera makulli. Da na duba show version sai na ga babu k9 a sunan manhajarsu, alamar cewa ba ta da ɓangaren ɓoye bayanai ko kaɗan. Ɗaya mun sabunta masa manhaja, ɗayan kuwa ya tsufa ƙwarai, sai na rufe masa shiga daga nesa gaba ɗaya da transport input none, muka amince cewa duk mai bukatarsa ya taka da igiyar konsol har zuwa lokacin da za a sayi sabo.

Sai jerin izini, wanda shi ne zuciyar aikin. Na rubuta shi da suna maimakon lamba, na kira shi KULAWA:

ip access-list standard KULAWA
permit 10.10.99.0 0.0.0.255
deny any log

Lambobin 0.0.0.255 suna rikita sabon shiga domin kishiyar abin da aka saba gani ne a saitin kwamfuta: sifili yana nufin wannan ɓangaren dole ya dace, 255 kuma yana nufin ko mene ne ya halatta. Layi na ƙarshe kamar maimaici ne, tunda kowane jerin izini a Cisco yana ƙarewa da hani na ɓoye ga duk wanda ba a ambata ba, amma hanin ɓoye ba ya barin shaida. Na rubuta nawa a fili tare da log domin in riƙa ganin wanda aka mayar daga bakin ƙofa. Daga nan sai a ɗaura jerin a kan layukan da access-class KULAWA in.

Dalilin da ya sa na guji lamba yana da muhimmanci. A tsohon salon rubutu, idan mutum yana da access-list 10 mai layi huɗu, ya so ya cire layi ɗaya ya rubuta no a gabansa, na'urar za ta share jerin ne gaba ɗaya, ba wannan layin kaɗai ba. Abin da ya fi wannan haɗari kuma shi ne, idan layukan VTY suna nuni ga jerin da babu shi, na'urar ba ta hana kowa, kowa ma barinsa take yi. Mutum zai tashi daga kujera yana zaton ya gyara ƙaramin abu, alhali ya cire ƙyauren ne ɗungurungum. Jeri mai suna yana ba kowane layi lambarsa, a cire wanda ake so a bar sauran.

A wannan suwicin na farko na yi kuskuren da na tabbata mutane da yawa suna yi ba su sani ba. Na ɗaura komai a kan line vty 0 4, na gwada daga wata kwamfuta da ba ta cikin jerin, aka hana ni, na ji daɗi. Sai da na sake karanta saitin daga sama har ƙasa na ga line vty 5 15 a ƙasa, ba a taɓa su ba. Suwicin yana da layuka 16 ne, ba 5 ba, kuma sauran 11 ɗin suna nan da tsohuwar kalmar sirri da Telnet, suna jiran ranar da biyar na farko za su cika. Tun daga ranar nake rubuta line vty 0 15, kuma nake duba ƙarshen saitin da idona kafin in ce na gama.

Rassan su ne suka fi tayar mini da hankali, domin daga Kano zuwa Katsina tafiya ce ta sama da awa biyu, kuma ranar Asabar babu wanda zai buɗe mini ɗakin na'urori. Abubuwa biyu na dogara da su. Na farko shi ne reload in 15, umarnin da yake sa rawuta ta sake kunna kanta bayan minti 15. Tunda sauyin da nake yi yana cikin saitin da ke gudana ne kawai ban adana shi ba, idan na kulle kaina, rawutar za ta tashi da tsohon saitinta ta sake buɗe mini. Na biyu kuma shi ne kada in rufe tagar da nake ciki sai na buɗe wata sabuwa na ga ta shiga, domin access-class yana tantance mai shigowa ne a lokacin da yake ƙwanƙwasawa, ba ya korar wanda ya riga ya zauna a ciki.

A Dutse wannan dabara ta biyu ce ta cece ni. Na ɗaura jerin, na buɗe taga ta biyu daga zauren, sai aka ƙi ni. Na sake gwadawa, aka sake ƙi. Agogon sake kunnawa yana tafiya, saura minti 11. Na koma taga ta farko da take raye na rubuta show users, sai na ga adireshin da rawutar Dutse take ganina da shi ba 10.10.99 ba ne ko kusa. Rawutar hedikwata tana sauya adireshin duk abin da ya fita ta wannan hanyar, wato NAT, saboda haka sallamata tana isa Dutse ne da fuskar rawutar hedikwata. Na rubuta jerin bisa inda na san ina zaune, na'urar kuwa tana hukunci ne bisa abin da ya iso gare ta. Hanya mafi sauƙi ita ce in ƙara wannan adireshin a jerin, amma hakan na nufin duk kwamfutar da ke hedikwata, har da ta mai karɓar baƙi, za ta iso da fuska ɗaya da tawa ta samu izini. Sai na cire access-class na ɗan lokaci, na soke agogon da reload cancel, na koma hedikwata na keɓe zirga-zirgar da ke tsakanin yankin kulawa da rassa daga sauyin adireshi, sannan na dawo na maimaita aikin daga farko. A karo na biyu taga ta biyu ta shiga, show users ya nuna adireshin zauren, na soke agogo, na adana da copy running-config startup-config. Katsina ta zo da sauƙi domin na riga na san ramin.

Na'urorin MikroTik ba su ɗauki lokaci ba. A ƙarƙashin IP da Services na kashe telnet da ftp da www da api, na bar ssh da Winbox, manhajar da ake sarrafa MikroTik da ita, na rubuta yankin kulawa a gurbin Available From na kowannensu, duk a cikin Safe Mode wanda yake mayar da sauyi idan haɗin ya yanke. Na kuma sabunta manhajarsu, domin raunin Winbox da aka gano a 2018 ta mashiga ta 8291 ya ba maharan damar karanta sunaye da kalmomin sirri ba tare da sun shiga ba, kuma na'urorinmu ba a taɓa sabunta su ba. A na Cisco na kashe shafin kulawa na burauza da no ip http server da no ip http secure-server tunda babu mai amfani da shi a cikinmu. Raunin da aka bayyana a irin wannan shafin na IOS XE, manhajar wasu na'urorin Cisco, a watan Oktoba na 2023, wanda aka bi ta kansa aka kutsa dubban na'urori a duniya, ya isa hujja cewa abin da ba a amfani da shi bai kamata a bar shi a kunne ba. Na ƙara login block-for 120 attempts 3 within 60, wato idan an yi kuskure sau 3 cikin minti ɗaya a rufe shiga na minti biyu, tare da keɓe yankin kulawa daga wannan rufewar domin kada wani ya yi amfani da ita ya hana mu shiga.

Wani abu da ban yi tsammani ba shi ne agogo. Da na fara duba rajistar suwic ɗin, inda suke rubuta abin da ya faru da lokacinsa, sai na ga kowane layi yana ɗauke da kwanan wata 1 ga Maris 1993, domin waɗannan na'urorin ba su riƙe lokaci idan wuta ta ɗauke, kuma a wurinmu tsakanin ɗaukewar wutar NEPA da tashin janareta suna mutuwa su tashi sau da yawa a mako. Rajistar da ba ta san ranar da abu ya faru ba ba ta da amfani wajen bincike. Na haɗa su duka da NTP, hanyar da ke daidaita agogon na'urori, na kuma tura rajistarsu zuwa sabar guda domin kada ta ɓace idan na'ura ta sake kunnawa.

Ranar Litinin ƙorafi ya fara. Ɗan kwangilar wayoyi ya kira ni rai a ɓace, yana cewa shekara da shekaru yana wannan aikin ba a taɓa tuhumarsa da komai ba. Na ce masa, “Alhaji, ba tuhuma ba ce, ni kaina ba na iya shiga daga gidana sai na bi ta hanyar da zan ba ka.” Muka buɗe masa suna nasa a VPN, wanda ake kunnawa idan ya sanar da mu zai yi aiki, a kashe idan ya gama, kuma yana isa ga na'urorin da suka shafe shi ne kawai. Bai ji daɗi ba a makon farko, amma da aka samu matsala a wani suwic bayan wata guda, rajista ta nuna ƙarara cewa ba shi ne ya taɓa shi ba, kuma shi da kansa ya kira ya yi godiya. Ma'aikacin Katsina kuwa na gano cewa matsalarsa ta gaskiya wayar firinta ce da ta lalace a bayan kabad. Da aka sauya wayar, bukatar shiga suwic ta ƙare.

Gwaji na ƙarshe na yi shi ne daga waje. Na cire laftof daga hanyar ofis, na haɗa ta da datar wayata, na nemi mashiga ta 23 da ta 22, wadda SSH ke bi, a adireshin hedikwata da na rassan biyu, duka aka ƙi ni. Na koma ta VPN na shiga zauren, na buɗe rawutar hedikwata na rubuta show access-lists. A gaban layin permit akwai 'yan ƙidaya kaɗan, namu ne da na sabar da ke kwafar saiti da dare. A gaban layin deny kuwa lambar tana ƙaruwa duk lokacin da na maimaita umarnin, kuma a cikin rajistar na tsinci adireshin wayata a tsakiyar baƙin da aka mayar. Na rubuta show users, layi ɗaya ne kawai a cike, da sunana a kansa. Daga nan na gangara ɗakin na'urori na ɓamɓare takardar da ke cikin murfin akwatin, na rataye igiyar konsol a ƙusar da ke gefensa, na kai wa shugaban sashe takardar sunayen da ya nema tare da ambulan da aka rufe, mai ɗauke da kalmar sirrin gaggawa, domin ya ajiye a sef ɗin ofishinsa.